Kwanon Da Ya Dawo A Rufe

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yau in an tambaye ni sai na yi dogon tunani kafin in tuno su. Amma yammacin da na ɗauko kwanon tuwon gidana daga wurin ciyayya, na dawo da shi cikin gida ba wanda ya ɗaga murfinsa, wannan kam ba na jin zai bar zuciyata har in koma ga Mahaliccina. Wani zai ce mene ne abin riƙewa a kwanon tuwo. Ni ma da a bakin wani na ji labarin, da haka zan ce.

Ni mutumin Haɗeja ne, nan aka haife ni, nan na tashi. Sana'ata shinkafa: in shiga ƙauyukan fadama in sayo shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, in kai inji a gyara, in sayar. Allah ya rufa min asiri, kuma rufin asirin nan bai ɓoyu ba, duk ya fito a jikina. A lokacin ba wanda yake ganin ƙibata a matsayin matsala. Duk inda na ratsa sai ka ji ana cewa Alhaji ana shan miya, Alhaji jiki ya yi kyau, ni kuwa ina washe baki. Masu adaidaita ne kawai ba sa murna da ganina, in na ɗaga hannu sai direba ya dube ni ya dubi tayarsa kafin ya tsaya.

Abin da mutane ba sa gani shi ne abin da ke faruwa a kan sallaya. Tumbi ya tokare, gwiwoyi suka ƙi, har ta kai in na durƙusa ba na iya tashi sai an kama ni. Aka sayo min wata farar kujerar roba, na koma salla a zaune. Shekaru na yi goshina bai taɓa ƙasa ba. Ranar Juma'a aminina ne yake ɗaure kujerar a bayan babur ɗinsa ya kai min masallaci, ya ajiye ta a ƙarshen sahu, in an idar ya dawo da ita. Wannan aminin nawa tun muna yara muke tare, gidansa na kallon nawa. Shi Babarbare ne, ni kuma kakata Bafulatana ce, don haka ba ma haɗuwa a rabu ba a tsokani juna ba. Yakan ce bai taɓa ganin Bafulatanin da ya ci amanar kakanninsa irina ba, wai ko saniya ta gan ni sai ta yi min kallon 'yar'uwa.

Yayana ne ya fara faɗuwa. Shi ma haka jikinsa yake, rana ɗaya ɓarin jikinsa ya shanye, bai daɗe yana jinya ba ya rasu. Bayan an share makoki na je asibiti aka auna ni, likita ya ce ga suga, ga hawan jini, kuma hanyar da yayana ya bi ita nake kai, sai dai in na sauka da ƙafata. Ban yi gardama ba, don na ga gawa da idona.

Daga nan aka shiga aiki. Maiɗakina ta samo wani ɗan ƙaramin kwano, ta ce daga yau iyakar tuwona ke nan. Aka janye man shanu, aka janye soye-soye da lemon kwalba, aka cika min gaba da zogale da rama da kifi dafaffe. Kullum in an idar da sallar asuba sai in kama hanyar jingar da aka yi a bakin kogi don tare ruwa, in yi ta tafiya. Da farko ko nisan kirki ba na yi sai in zauna ina haki, masunta suna wucewa suna yi min sannu. A hankali tafiyar ta miƙe. Duk ƙarshen wata in na je inji sai in faki idon ma'aikata in hau sikelin da muke auna buhuna. Cikin kusan shekara biyu na sauke abin da ya kusa nauyin buhun shinkafa guda. Ni da nake ganin yadda ƙarti suke nishi in sun saɓa buhu, ranar na yi mamakin yadda na yi shekaru ina yawo da shi ko'ina, har makewayi.

Ranar da na fara mayar da goshina ƙasa, a ɗakina ne, sallar walaha, ba kowa. Na ji ƙanshin tabarma a hancina, na kasa ɗagowa saboda kuka. Na ɗauki kujerar nan na cilla ta can saman tarkace a ɗakin ajiya, na ce ni da ke har abada.

To, a zatona an gama. Ashe ba a nan gizo yake saƙa ba. Lokacin da mutum yake ramewa, kowane wata akwai ladansa a hannu: sikeli ya ja baya, tela ya rage riga, wani ya tare ka a hanya ya ce bai gane ka ba. Amma in ka kai inda za ka tsaya, duk wannan sai ya ɗauke. Sikeli ya tsaya cak, kuma tsayuwar tasa ita ce nasarar, sai dai ba wanda yake yi wa mutum barka don yau yana nan yadda yake jiya. Ɗan kwanon nan dai shi ne, jingar nan dai ita ce, yau da gobe da jibi, ba ranar sallama. Wannan ban shirya masa ba, kuma ba wanda ya gaya min.

A layinmu muna da ciyayya tun zamanin iyayenmu. In an yi sallar magariba, kowane magidanci zai fito da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan dattijon layin, wanda duk muke kira Baba. Ba a buɗe kwanuka gaba ɗaya. Ɗaya ake jawowa tsakiya, kowa ya sa hannu, in an tashi da shi a jawo na gaba, har a zagaye. A nan ake jin wanda za a yi wa aure, da wanda ruwa ya ci gonarsa, da wanda ya kamata a je a duba. Wanda ba ya zama a tabarmar nan, ko yana layin, kamar baƙo yake.

Duk tsawon lokacin da nake rage jiki ban zauna ba. Na ce musu likita ya sa min doka, suka ce Allah ya ba da lafiya, mara lafiya ai yana da uzuri. Amma kwanon gidana bai fasa fita ba. Maiɗakina tukunya biyu take ɗorawa, tawa daban, ta ciyayya daban, da manta da namanta yadda aka saba. Da na ga jiki ya daidaita sai kewar tabarmar ta dame ni, na koma. Na fito da babban kwano na jama'a a hannu ɗaya, ɗan ƙaramin nawa a ɗaya hannun, na zauna a gefe ina cin nawa ana hira.

Makon farko abin dariya ne. Aminina ya ce alhamdu lillahi Bafulatani ya koma asalinsa, saura a saya min sanda da malafa a kora ni dajin Baturiya kiwo. In aka jawo burabuskon gidansa, wanda matarsa take yi da miyar yakuwa man shanu yana kwance a kai, sai ya turo min kwanon har gaban gwiwata ya ce in ci, ba zai gaya wa likita ba. In yi dariya in ce a'a, likita ya hana. Wallahi ƙanshin nan har cikin ƙashina nake jin sa. Shekara talatin ina cin burabuskon gidan nan, na san daɗinsa fiye da kowa a wurin, kuma na san halina: in na fara ba na tsayawa.

Sannu a hankali dariyar ta ragu. Aka daina turo min kwano. In na yi magana a amsa a taƙaice. Na lura, amma na ɗauka gajiya ce, don damina ta kawo kai kowa yana fama da gona.

Sai ranar nan. Tuwon shinkafa ne maiɗakina ta yi da miyar kuka, ta sa busasshen kifi, tun daga zaure ƙanshi yake tashi. Aka ci kwanon Baba, aka ci na maƙwabcinsa, aka ci burabusko, aka zagayo saura na gidana. Wani ya miƙa hannu zai jawo, sai aminina ya sa bayan hannunsa ya ture kwanon gefe a hankali, bai dube ni ba.

Ya ce, “A bar wannan. Mun ƙoshi.”

Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Aka kawo ruwa aka wanke hannu, aka koma zancen taki kamar ba abin da ya faru. Ni kuwa na zauna da ɗan kwanona a cinya. Da aka kira isha kowa ya ɗauki kwanonsa fayau ya tashi, ni na ɗauki nawa da nauyinsa da zafinsa. Tsakanin ƙofar Baba da tawa ba nisa, amma ban taɓa tafiya mai tsawo irin ta ranar ba, har da duk wadda na yi a kan jinga.

Maiɗakina tana ganin yadda na riƙo kwanon da hannu biyu ta gane. Ta karɓa ta ɗaga murfi, ga tuwo malmala-malmala yadda ta jera, mai ya fara daskarewa a kan miya. Ta mayar da murfin ta zauna. A nan ta gaya min abin da ta daɗe da ji ta ɓoye min. Wai a gidan suna aka yi zancen, mata suna cewa wani malami ne ya duba min ya ce ciwon da na yi ba na Allah da Annabi ba ne, a abinci aka ba ni, kuma na kusa da ni ne ya ba ni, shi ya sa na warke amma ba na sa hannu a kwanon kowa. Matar aminina da ta ji, ta tashi daga wurin tana hawaye, don kowa ya san kwanon da na fi ci a layin nan nata ne.

Ni da ban taɓa zuwa wurin wani mai duba ba, yau ga ni an ce ina zargin mutumin da yake ɗaukar min kujera. Raina ya ɓaci ƙwarai, har da fushi. Na ce in dai bayan shekarun nan duka zai yarda da wannan magana a kaina, to ba ni da abin da zan gaya masa. Na ce wa maiɗakina daga gobe tukunya ɗaya za ta ɗora.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. In an yi magariba sai in shigo zaure in zauna da ɗan kwanona, ina jin ƙarar murafen kwanuka da dariyarsu ta cikin ƙofa. Wani lokaci in gane muryar wanda ya yi barkwancin, har in ji bakina yana shirin mayar masa da amsa, sai in tuna ni kaɗai ne. Zogale ya koma min kamar ciyawa. A masallaci aminina zai miƙo min hannu ya ce, Alhaji an tashi lafiya, ya wuce. Ba Bafulatani, ba saniya, ba komai. Ban san zagin wasa abinci ne ba sai da aka janye min shi.

Da asuba in hau jinga ni kaɗai. Kogi ya fara cika, ciyawar kacala ta yi kore shar a bakin ruwa, masunta suna tura jiragensu biyu-biyu suna hira. Kowa da abokin tafiyarsa ban da ni. Nakan tsaya in dubi inuwata a ƙasa, siririya kamar ta wani, in tambayi kaina wai duk wannan wahalar don me. Lokacin da nake da ƙiba ina da ciwo, amma ina da mutane. Yanzu ga lafiya, ga shi ko wanda zan ce wa na ga ruwa ya ƙaru babu. Na ji kaɗaici irin wanda ban ji ba ko ranar da aka binne yayana, don ranar nan aƙalla an kewaye ni.

Ban kai ƙarshen damina ba na karaya. Wata ranar Alhamis na ce wa maiɗakina ta ɗora tukunya biyu. Ta dube ni ta ce to. Da magariba na fita da babban kwano kaɗai, na yi sallama na zauna a tsakiyarsu. Aka jawo kwanon farko na sa hannu. Aka jawo burabusko na gyara zama, na yi loma ta farko, ta biyu, na yi ta yi har sai da na ga gindin kwano. Aminina ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a yi maza a ɓoye sauran kwanukan, fara ta sauka a gona. Wurin ya fashe da dariya. Aka jawo kwanon gidana aka cinye tas.

Ba zan yi ƙarya ba, daren nan na yi barci mai daɗi. Na samu mutanena. Ba wanda ya tayar da zancen malami, ni ma ban tayar ba, aka binne shi a cikin tuwo.

Sai dai sabo turken wawa. Na ce ranar Alhamis kawai zan riƙa sakin jiki, sai Juma'a ta shigo ciki, sai mako gaba ɗaya. Ana haka ruwa ya yi yawa ya ɓalle wani ɓangare na jingar, na samu hujjar daina tafiya, kuma ko da aka toshe wurin ban koma ba. In na je inji sai in zagaye sikeli kamar yana cizo. Rigunan da tela ya rage suka fara kama ni a hammata. A kasuwa aka koma cewa Alhaji jiki ya dawo, alhamdu lillahi an warke. Maiɗakina kuwa kullum sai ta wanke ɗan kwanon nan ta kife shi a inda zan gan shi.

Wata Juma'a da kaka, ana tsakar yankan shinkafa, muna sahu ɗaya da aminina, kafaɗa da kafaɗa. Aka yi sujada ta biyu a raka'ar farko, liman ya yi kabbara, sahu ya miƙe. Ni kuwa na yunƙura gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Na sake yunƙurawa, numfashi ya tokare a ƙirji. Jama'a duk suna tsaye, ni ina durƙushe a tsakiyarsu. Sai na ji aminina ya ɗan rage tsawo ya sauko da kafaɗarsa, na dafa ta na tashi da ƙyar. Karatun da liman ya yi a raka'a ta biyu ban ji ko harafi ɗaya ba. Gumi nake yi, ina jin tsoro irin na wanda ya ga ramin da ya fita daga ciki ya sake buɗewa a gabansa.

Da aka idar na fice daga masallaci. Na dawo gida na wuce ɗakin ajiya kai tsaye, na jawo kujerar nan daga saman tarkace, duk ta yi ƙura da yana. Na fito da ita tsakar gida na tsaya ina kallonta. Maiɗakina tana bakin murhu, ta ɗago ta ce, “Alhaji, in wanke ta ne?” Ba da gatse ta faɗa ba, kuma da gatsen ne da ya fi min sauƙi.

Washegari da hantsi na ɗaure kujerar a bayan babur, yadda aminina yake ɗaure ta a da, na nufi gonarsa a fadama. Na same shi ana bugun shinkafa, ƙaiƙayi duk ya rufe masa gira. Da ya hango ni da kujera ya bar masu aiki ya taho. Muka koma gindin wata tsamiya, na sauke kujerar na ajiye a tsakaninmu, ba wanda ya zauna a kai.

Na ce masa, “Ka san wannan?”

Ya ce, “Ni kuwa na san ta. Har yanzu akwai shaidar igiyarta a babur ɗina.”

Na ce, “To ita nake gudu. Ba kwanon gidanka ba, ba na kowa ba. Ban je wurin wani malami ba, ba wanda ya ce min an ba ni wani abu. Ni na ba kaina, da hannun nan, loma-loma. Jiya ka ji nauyina a kafaɗarka. In na ci gaba da cin abin da kuke ci, kafin azumi ka koma ɗaukar ta.”

Ya tsaya yana murza zangarniyar shinkafa a hannu. Can ya ce su a saninsu ciwo in an warke an warke, a ci a sha a gode wa Allah. Sun gan ni ina tafiya garau, ina salla a tsaye, amma kullum likita ya ce, likita ya ce, sai ka ce likitan a layinmu yake kwana. Ya ce mutum ya shekara talatin yana cin tuwonka, rana ɗaya ya zo ya zauna a gabanka da kwanonsa daban, me kake so a ɗauka? Matarsa ta yi kwana da kwanaki tana tambayarsa abin da ta yi min.

Na gaya masa wannan ba irin ciwon da ake warkewa a yi walima ba ne. Yana nan a laɓe, kullum sai an kore shi, kuma ranar da aka daina kora ranar yake dawowa. Na gaya masa yadda na yi kuka a kan tabarma ranar da goshina ya koma ƙasa, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko maiɗakina.

Ya juya baya yana kallon masu bugu, ya daɗe a haka. Da ya juyo idonsa ya yi ja, ya ce wai ƙaiƙayi ne. Ya sa ƙafa ya ɗan ture kujerar.

Ya ce, “Ɗauke abarka. Na gaji da dakon ta tun wancan karon, kunya ce ta hana ni faɗa. Kada ka sake ka sa ni.”

Da magariba na fita da kwano biyu kamar da. Kafin a jawo na farko aminina ya yi gyaran murya ya mayar wa jama'a yadda muka yi, bai rage komai ba sai zancen kukan. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi a iya saninsa, haƙƙin kwanon maƙwabci shi ne hannunka ya shiga cikinsa, ba a ce sai cikinka ya cika ba. Ya ce daga yau duk kwanon da aka jawo in yi loma ɗaya, 'yar ƙarama, don matan gida su san ba a ƙi tuwonsu ba, sannan in janye hannu, kuma kada wanda ya ce min ƙara. Aka jawo burabusko na ɗebi ɗan kaɗan na kai baki. Hannuna ya sake miƙewa da kansa, aminina ya buge shi ya ce Bafulatani ba shi da amana, a sa masa ido.

Haka muke har yau. Ɗan kwanon nawa an ƙara rage masa tuwo don a ba lomomin nan wuri. Abin da na mayar a 'yan watannin nan sai da na fi shekara kafin in sauke shi, kuma karo na biyu ya fi na farko ɗaci, don ba mai yi maka barka a kan abin da ka taɓa yi.

Kada kuma a ɗauka kaɗaicin ya tafi gaba ɗaya. Har yanzu nakan zauna da wankakken hannu ina kallon mutane suna cin abin da raina yake so. Har yanzu ni kaɗai nake hawa jinga. Aminina ya raka ni sau ɗaya ko biyu, ya ce shi ba zai iya tafiyar da ba kasuwa a ƙarshenta ba, ya koma barcinsa. Akwai asubar da nake tashi ba na son fita ko kaɗan, jiki yana cewa yau ɗaya dai ba komai.

Abin da wannan lamari ya koya min shi ne, sauke nauyi aiki ne mai ƙarshe, amma riƙe kai bayan an sauke ba shi da ranar gamawa, kuma yabon mutane ba zai riƙe ka ba, don yabon yana ƙarewa, wani lokaci ma ya juya ya koma kan ƙibar. Dole mutum ya samu dalilinsa na kansa, wanda zai tashe shi ranar da ba mai kallo. In ya samu kuma, ya buɗe baki ya gaya wa na kusa da shi, kada ya laɓe a bayan likita ya ce, don inda ka yi shiru mutane za su cike gurbin da abin da suka sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma maƙwabci ba zai sani ba sai an nuna masa.

Kujerar ban mayar da ita ɗakin ajiya ba. Tana nan a zaure, kusa da ƙofa, inda nake ajiye takalmin tafiya. Baƙi sukan zauna a kai, ni ba na zama. Kullum da asuba in na sunkuya zan sa takalmi sai mun haɗa ido da ita, sannan in buɗe ƙofa in fita.